Wasan Taubashi a Bakin Inji

Ni da Labbo taubasai ne. Mahaifinsa, Kawu Muhammad Sani, yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Gulma. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun ban iya ɗaura wando ba yake kirana bawansa. Ya ƙwace min rake, in zuba masa ƙasa a fura, ya tura ni cikin ruwa in mun je su, manya na kallo suna dariya. Abu ɗaya aka hana, shi ne fushi. Wanda ya yi fushi da taubashinsa ba shi kaɗai za a zaga ba, har uwarsa sai an ce ba ta iya tarbiyya ba.

Labbo ya girme ni da shekara huɗu, a jiki kuwa ya ninka ni. Shi ya riga ni samun aiki a wani injin casar shinkafa da ke bayan garin Argungu, kan hanyar Birnin Kebbi, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya kai ni wurin. Shekararsa shida yana dakon buhuna. Ni kuma na ɗan taɓa gyaran injin ban ruwa a fadama. Wata takwas da zuwana, tsohon da ke kula da injin ya ce idonsa ya gaza, sai manajanmu Malam Yari ya dube mu duka ya ce ni zan maye gurbinsa. Ranar babu wanda ya kai Labbo murna a baki. Ya ɗaga ni sama gaban mutane yana cewa bawansa ya zama injiniya, sannan ya sake ni na faɗi zaune daɓas. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Daga ranar wasan ya ƙara nauyi. Da can in ya mare ni a ƙeya ƙara ce kawai, babu zafi. Yanzu sai in wuni wuyana ba ya juyuwa. Ya ɗebo ɓuntun shinkafa ya zuba min ta wuyan riga, in yi ta susa har yamma. Ya sa min ƙafa ina ɗauke da jarkar gas. Kullum a gaban mutane, kullum yana ƙyaƙyata dariya, kuma dole in buɗe haƙora in taya shi. Abin da na lura da shi, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne bai taɓa yi min wasa ba in mun rage mu biyu. A kan babur ɗaya muke komawa Gulma, daga Argungu har gida ba ya ce min uffan.

Ga kuma inda nake tsayuwa. Injin namu tsoho ne, mai dogon bel da ke tasowa daga injin gas zuwa na casa, a buɗe yake tsirara yana gudu taki biyu daga gefena na hagu. In an tayar da shi ko kiran salla ba ka ji. Ni ina fuskantar bakin inji ina zuba shinkafa, bayana na kallon ƙofa, ban san wanda ya shigo ba sai na ji hannu a jikina. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. Na taɓa ganin wanda bel ya ci wa hannu a wani injin, kuma ban manta yadda yake ɗaura zariya da haƙori ba.

Wata rana na daure na sami Malam Yari a ofis yana cin goro.

Na ce, "Malam, ina son ka yi ma Labbo magana. Wasan ga nai ya yi yawa, kuma kusa ga bel nike tsaye."

Ya dube ni kamar na ce masa rana ta fito daga yamma. "Kai da taubashinka? In shiga tsakaninku in ce mi? Kai ma rama mana, ko ba ka da hannu?"

Kafin azahar ya ba kowa labari. Sati guda ana kirana mai kai ƙara, Labbo kuwa ya ƙara kaimi.

Sai na gwada Inna. Tana tankaɗe a tsakar gida na zauna kusa da ita na fara, ban kai ƙarshe ba ta ajiye rariyar.

"Kada in sake jin wagga magana. Ɗan yayana na, kuma shi yak kai ka wurin nan. So kaka yi a ce na haihi wanda bai san wasa ba?"

Daga nan na bar maganar, na koyi tsayuwa da ƙafafu a ware.

Abin ya faru ne wata Alhamis da hantsi, lokacin da shinkafar rani ta shigo. Wurin cike yake da mata masu gumi, waɗanda ke turara shinkafa a gida su shanya su kawo mana mu casa, kowacce na gadin buhunanta tana faɗan layi. Labbo ya shigo da buhu a ka. Maimakon ya sauke a gefena yadda aka saba, sai ya bangaje ni da kafaɗa a tsakiyar baya, da nauyinsa da na buhun. Na yi gaba, na miƙa hannun hagu in dafa wani abu, babu abin dafawa sai bel. Ya kama hannun rigata ya fizge ni. Allah ya sa rigar tsohuwa ce, duk ta sha wanki, sai ta yage daga kafaɗa ta bi shi, ni kuma na faɗi baya. Amma kafin ta yage bel ɗin ya riga ya saluɓe min fata daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu.

Na ji mata na salati. Abdussamadu, ɗaya daga cikin masu dako, ya ruga ya kashe injin. Da ƙarar ta ɗauke, abin da na fara ji shi ne ƙarshen dariyar Labbo, don bai riga ya ga jinin ba.

Malam Yari ne ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Muna tafiya yana magana ta gefen baki.

"In an tambaye ka, santsi yak kwashe ka. Ɓuntu na da santsi, kowa ya sani. In Hajiya ta ji gaskiya taubashinka za a kora, kai ka san abin da za a ce a gidanku."

Da ma ya huta da bakinsa. Ko bai faɗa ba abin da zan ce ke nan.

Hajiya Ummu Hani ita ce mai injin. Mijinta ya rasu ya bar mata, tana zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Sau ɗaya a wata biyu take leƙowa, ta shiga ofis ita da Malam Yari, ta ɗaga mana hannu daga nesa ta tafi. A zatona ko sunana ba ta sani ba. Ranar Asabar aka aiko in zo, wai Hajiya ta iso tana nemana.

Na same ta a bakin ofis, gajeruwar mace mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta ce, "Nasrullahi, zauna." Ta sa aka ɗauko wani akwati a motarta, ta kwance bandejin da kanta, ta daɗe tana kallon ciwon. Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe shi fiye da yadda aka yi min a asibiti. Tana cikin ɗaurewa ta kai yatsa ta taɓa ƙeyata, inda ya kumbura tun marin ranar Talata. Na zabura.

"Wanga fa, shi ma bel na?"

"Kwanciya ta, Hajiya."

"Hannun, ƙaƙa anka yi?"

"Santsi yak kwashe ni."

Ta miƙe ta ce in biyo ta. Muka shiga ɗakin inji, a kashe yake. Ta ce in tsaya daidai inda nake tsayuwa, na tsaya. Ta auna da ƙafarta daga nan zuwa bel, taki biyu cif. Ta goga takalminta a ƙasa ta ji ko da santsi.

"Wanda santsi yak kwasa ƙasa shika hwaɗuwa, nan inda shike. Ba shi tahiya gaba taki biyu. Wa yat tura ka?"

"Ba kowa, Hajiya."

Ta sake tambaya, na sake faɗa mata haka, idona a ƙasa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "To, tai ka zauna inuwa."

Abin da ta yi bayan nan ne bai zo mana a rai ba, ni da Malam Yari. Ta wuce gindin dogon yaro inda masu gumi ke jira, ta cire takalmi ta zauna a tabarmarsu kamar ita ma casa ta kawo. Mu duk mun shirya bakin maza, mun manta da mata. Su kuwa babu abin da ya haɗa su da Labbo, kuma wata da watanni suna kallo. Daga inda nake ina hangen wata tsohuwa ta miƙe tana kwatanta yadda ya karkato kafaɗa, har da ɗora hannu a ka a madadin buhu.

Bayan azahar ta tara mu, mu goma sha ɗaya, a gaban ɗakin inji. Na ɗauka da Labbo za ta fara.

Ta ce, "Mai laihi na hwarko ni ta. Shekara talatin ina ɗinke hannuwan da inji yac ci, sannan na bar bel tsirara a wurina. Na kuma bar ku ba ku da wanda za ku kai ma kuka sai mutum guda, in ya yi dariya magana ta mutu. Wanga sakaci nawa na."

Malam Yari ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Daga yau, daga bakin ƙohwar ga zuwa ciki, ba mai ɗora ma wani hannu. Ba taubashi, ba Bakabe da Bakatsine, ba kowa."

Abdussamadu ya yi gyaran murya. "Hajiya, ai al'ada ta, mun taras ana yi."

"Ban hana ku al'ada ba. Ku yi da baki. Ku yi gida, ku yi hwadama. Nan wurin aiki na, kuma duk jinin da yaz zuba nan ni za a tambaya. Hukuma ta tambaye ni, gobe kuma Allah shi tambaye ni."

Ta ce ba za a sake tayar da injin ba sai mai walda ya zo ya yi wa bel keji. Malam Yari ya nuna tulin buhunan da ke jira, ta ce a ba matan haƙuri, wadda ke sauri ta kai wani injin. Ta karɓi gawayi a wurin mai shayi ta rubuta lambar wayarta a bangon ɗakin inji da manyan baƙaƙe, ta ce duk wanda aka taɓa ko aka yi wa barazana ya kira ta kai tsaye, ba sai ya bi ta ofis ba. Sannan ta juya ga Labbo. Ta ce ya je gida sati biyu, in ya dawo filin shanya zai koma, in kuma ya sake to ya sallami kansa.

Labbo ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Hajiya, wasa na. Ga shi nan, tambaye shi."

"Ba shi nika tambaya ba. Na ga hannun, na ga ƙeyar."

Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, na san abin da ya ɗauka. Ranar a motar haya na koma Gulma.

Kada in yi ƙarya, a lokacin ban gode mata ba ko kaɗan. Haushinta na ji. Kafin in isa gida labari ya riga ni, kuma ba yadda ya faru ya isa ba. Cewa aka yi na kai taubashina ƙara wurin mai inji an dakatar da shi. Na gaida matar Kawu ta bakin ƙofa, ta yi kamar da bango nake. A masallaci dattawan unguwa suka amsa gaisuwata a taƙaice. Inna kuwa ta daina shiga gidan yayanta, ta daina cin abincin kirki, in na shigo ta juya baya.

"Wallahi Inna ban kai shi ba."

"To wa yak kai shi? Ka gama da ni. Da wane ido zan dubi Yaya?"

Ko hannun ba ta ce in nuna mata ba. Ni ma riga mai dogon hannu nake sawa, na ce mata ƙujewa ce kawai.

Kwana huɗu ina cikin wannan hali. Rana ta biyar na yanke shawara in bar aikin, ko hakan zai sa a yarda ba kujerar kowa nake nema ba. Na kira Abdussamadu ya karanto min lambar da ke bango. Abin dariya, ni da aka rubuta ta domina, kiran farko da na yi mata na rashin kunya ne.

Na ce, "Hajiya, Nasrullahi na. Na bar aiki."

"Hannun ya tashi?"

"Hannu lahiya lau. Kin gyara injinki, ni kin ɓata man gida. Uwata ba ta yi man magana, kawuna ya ɗauke ni maƙiyi. Da kin bar mu yadda kinka same mu."

Na fara nadama, don ban taɓa yi wa babba magana haka ba.

Sai ta ce, "Ka yi gaskiya, ban ƙare aikina ba. Kada ka tai ko'ina gobe."

Washegari da hantsi sai ga motarta a bakin lungunmu. Lungun ba ya shiga da mota, ta sauko ta tako da ƙafa, tana tsallake kwatami, har ƙofar gidan Kawu. Mace mai inji, daga Birnin Kebbi, ta zo ƙauye saboda ma'aikaci ɗaya. Mutane suka fito suna kallo.

Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar tsakar gida. Kawu ya zauna a buzunsa, matarsa a gefe, aka kira Inna ta shigo kanta a ƙasa. Labbo ya jingina da rumbu can nesa. Ni na raɓe kusa da ƙofa. Aka daɗe ana gaisuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi ruwan fadama da tsuntsayen da suka dami shinkafa bana. Hajiya ba ta yi gaggawa ba, ta sha furar da aka kawo mata. Kawu ne ya fara gajiya.

"Hajiya, kin yi zumunci da kinka taka. Amma wasan ga gadonai munka yi. Ni ma na yi da nawa taubasai, har hurhura ta hito muna yi. Ba a taɓa jin wanda yak kai ƙara ba sai a gidana."

Ta ce, "Baba, har yau ba a kai ba. Abin da yak kawo ni ke nan. Sau ukku ina tambayar yaron ga wa yat tura shi, sau ukku shina yi man ƙarya don shi ruhwa ma ɗanka asiri. Mata masu gumi sunka hwaɗa man. Hukuncin nawa na, in da hushi ni za a yi ma."

Kawu ya dube ni, ya dubi Labbo. Hajiya ta juyo gare ni.

"Nasrullahi, zo ka kwance hannun."

Ban so ba. Na dubi Inna, ba ta ɗago ba. Na matso na naɗe hannun riga, na fara warware bandeji. Na ƙarshen ya manne, sai da Hajiya ta jiƙa shi da ruwan buta kafin ya saki. Ciwon ya fara kamewa ta gefe, amma tsakiyarsa ja ne jawur, tsawon tafin hannu biyu, ga shatin bel a kwance.

Inna ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta toshe baki da mayafi.

Kawu ya ce in matso. Ya riƙe hannun da tafukansa masu kaushin fartanya, yana juya shi a hankali. Hajiya ta ce da rigar sabuwa ce da yanzu babu hannun daga kafaɗa, ta faɗa a sanyaye, kamar mai bayani a asibiti.

Kawu ya ɗago ya ce, "Labbo, kai kay yi wanga?"

Labbo ya kau da kai. Kawu ya ci gaba.

"Taubashina Dikko ya taɓa hwasa man leɓe bisa kuskure muna kokawa. Kwana ukku bai ci tuwo ba, sai da ni da kaina nit tai na lallashe shi. Kai ka yi wanga, ka shigo gidan ga ka ce muna an yi maka sharri, ka ci ka ƙoshi."

Sai Inna ta yi magana. Ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban yayanta ba.

"Yaya, ya hwaɗa man tun watan jiya. Ni nic ce shi yi shiru. Ni nic ce."

Ta fashe da kuka. Matar Kawu, wadda kwana biyar ba ta amsa gaisuwata ba, ita ta matsa ta riƙe ta.

Kawu ya ce Labbo ba zai sake taka injin nan ba, ya koma gona. Hajiya ta girgiza kai.

"A'a Baba, ban kore shi ba, kai ma kada ka kore shi. Shekara shidda shina man aiki ba a taɓa cewa ya ɗauki ko tsaba guda ba. Shi cika sati biyu nai shi dawo. Abin da nika so guda na, kowa shi zo wurina da hannu biyu, shi koma gida da hannu biyu."

Ta sake naɗe min hannun a nan gaban kowa, ta nuna wa Inna yadda ake wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi, ta bar mata auduga da magani. Na raka ta mota. Sai da ta buɗe ƙofa na durƙusa.

"Hajiya, na gode. Ki yahe man maganar jiya."

"Tashi. Haƙƙinka na, kuma na makara da shi. In hannu ya warke injin na jiranka."

Ta ce haƙƙina ne, na yarda. Amma na yi aiki a wurare, na san masu wuri da yawa da za su aiko da sannu ta waya su ce a nemo wani ya hau injin. Har yau in na ɗaga hannayen nan biyu ina addu'a sai na sa sunanta, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sati uku na yi a gida, Inna na wanke min ciwo safe da yamma tana yi min faɗan ban ci abinci ba. Da na koma na tarar an rufe bel da kejin ƙarfe daga sama har ƙasa. An ja layi da jan fenti kewaye da inda nake tsayuwa, masu dako na sauke buhu a bayan layin. Malam Yari ya tare ni da fara'ar da ta yi yawa, har da miƙo min goro. Tsokana ba ta mutu ba, ta dai koma baki. Abdussamadu ya ce yanzu na zama ɗan gatan Hajiya, sai a sayo min lema.

Labbo ya riga ni dawowa, yana can filin shanya yana jan shinkafa da katako cikin rana. Ban je ba, bai zo ba. Kwana uku muna haka.

Rana ta huɗu ina cikin zuba shinkafa, injin na ruri, sai na ga inuwa ta gifta ta gefen dama. Labbo ne. Ya zagayo ta bayan buhuna, doguwar hanya, ya zo ya tsaya a gabana inda zan gan shi, ƙafarsa a bayan jan layin, hannayensa biyu a baya. Bai yi min alama ba, jira kawai yake. Na ajiye kwanon ɗiba na rage wa injin wuta har muka iya jin juna.

Bai dubi fuskata ba, tabon yake kallo.

Ya ce, "Ba wasa nika yi ba. Tun randa anka ba ka injin ga. Na san abin da nika yi."

Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan tsaya kamar da sauran magana, sai ya juya ya bi doguwar hanyar da ya biyo ya fita.

Na mayar wa injin wuta. Na ɗauki kwanon, amma na daɗe ban ɗebi shinkafa ba. Injin na ta gudu babu komai a cikinsa, ni kuma ina tsaye ina share ido da hannun riga, har wata mai gumi ta leƙo ta taga tana tambaya ko yau ma a kai wani injin.